Kada Ki Dawo Min da Fatihu

Zuwa ga 'yata Aina'u, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mijinki da yara. Allah Ya ƙara muku rufin asiri a wannan gari mai nisa, Ya raya 'yar jaririya Tahira, Ya ba jikana kuma maigidana Fatihu lafiya mai ɗorewa. Mu nan sai godiya. Damina ta yi albarka, gero ya fitar da kai har ya kusa rufe hanyar rijiya, dawa kuma ta taso har jikin katanga, in kika leƙa daga zaure ba kya hango gidan kowa sai kore. Surukinki Malam Mati yana nan da ciwon gwiwarsa, kullum yana cewa ya daina zuwa gona, kullum kuma da safe ba ka samun fartanya a inda aka ajiye ta. Jar akuyar nan da Fatihu ya ce tasa ce ta haifi biyu, duka mata. Maƙwabciyarmu Kulu ta aurar da autarta ranar kasuwar Bici da ta wuce, ta ce lallai in gaishe ki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke riƙe da waya. Na gwada wayar ai. Duk ranar da aka haɗa ni da ke, ba na samun komai sai to Inna, in sha Allahu Inna, kafin in kai ga maganar da ta kawo ni kin miƙa wa mijinki. Shi ya sa na ɗauko ɗan bokon da muka koya a ajin yaƙi da jahilci, na zauna a inuwar ɗorawa, zan faɗa miki abin da ke raina ba tare da kin samu ƙofar gudu ba. In kin ga rubutun yana hawa yana gangara, laifin ido ne.

Mijinki ya kira babansa ya gaya masa cewa taurin bayan gidan Fatihu ya dawo. Ya ce yaron yakan yi kwanaki bai tsuguna ba, sai kuma a riƙa ganin ɓaci a wandonsa, har malaman makaranta sun yi magana, yara kuma sun fara toshe hanci idan ya zauna kusa da su. Ya ce an yi faɗa, an yi tsawa, har bulala an nuna masa, abin bai canja ba. Don haka kun yanke shawara, in Yahya direba ya sauke wake a wajenku zai juyo gida, a haɗo shi da yaron ya dawo hannuna, tunda a nan ne ya taɓa warkewa. Malam ya shigo gida yana faɗa min bakinsa har kunne. Ba zan ɓoye miki ba, Aina'u, ni ma daɗi ya kashe ni. Nan take na tashi na share ɗaki, na kakkaɓe 'yar tabarmarsa na shanya, har na fara tunanin kazar da za a yanka. Sai da na idar da la'asar, ina zaune a kan sallaya, sannan jikina ya yi sanyi. Abin da na gani a wannan zaman shi ne dalilin wannan takarda.

Bari in fara ba ki labarin ciwon tun daga tushe, don lokacin da aka yi shi ba kya nan. Kin tuna ranar da kuka kawo min shi yaye? Kika sauke shi daga baya kika ajiye min a gaba, kika juya kina gyara ɗankwali kamar ba ke kika haife shi ba, shi kuwa yana ta kallon ƙeyarki. Ya yi kukansa na 'yan kwanaki ya haƙura, ya zama ɗan gida. Ban taɓa ganin miji mai mulki irinsa ba. Bai taɓa kawo min cefane ba, amma shi ne zai fara sa hannu a kwano, shi ne kuma zai ce miya ba gishiri. Lafiya lau muke har bazarar da zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya daina ci, ya daina shan ruwa sosai, da ya tashi daga ciwon sai bayan gidansa ya fito da tauri, gutsi-gutsi irin na awaki, har da ɗan jini. Ya yi ihu ranar, ihun da har yanzu ina jin sa a kunnena. Daga wannan rana tsoro ya shige shi.

Sai na riƙa ganin yana zagayawa bayan rumbu shi kaɗai. In na bi shi, sai in tarar ya dafa jikin rumbun, ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ya harɗe cinyoyi, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi yana keto masa. Duk wanda ya gani zai rantse yunƙuri yake yi abin ya ƙi fita. Matan unguwa kuwa kin san su, kowacce likita ce. Kulu ta ce ɗankanoma ne, a yanko sabulu a tura masa. Wata ta ce a jiƙa kanwa, wata ta aiko da filasko ƙulli guda ta ce a dafa masa kullum. Malam ne ya ce jikin yaro ƙarami ba wurin gwaji ba ne, ya nemo mai babur ya kai mu asibiti.

Ma'aikaciyar da ta duba shi mace ce mai haƙuri, ta danna cikinsa, ta yi min tambayoyi kamar a gaban alƙali, sannan ta fahimtar da ni abin da nake so ke ma ki fahimta. Ta ce tsayuwar nan ta bayan rumbu ba yunƙuri ba ce, riƙewa yake yi da duk ƙarfinsa, don yana tsoron zafin da ya taɓa ji. Yana riƙewa abin yana ƙara tauri, yana ƙara tauri yana ƙara zafi, haka za a yi ta zagaye. In ya taru da yawa sai hanjin ya buɗe ya saki, har yaro ya daina jin alamar zuwansa. Ɓacin wandon kuwa, ta ce in duba kwatar gidanmu ranar da dutse ya toshe ta, ai ruwa yakan sami gefe ya tsiyaye. To haka ne, mai ruwan ne yake zagaye mai taurin ya zubo, yaron bai ma san ya fito ba. Ki karanta wannan wurin sau biyu, ki kuma karanta wa mijinki. Fatihu ba ƙazami ba ne, ba kuma taurin kai yake muku ba. Duk tsawar da aka yi masa, an yi ta ne a kan abin da bai ji fitarsa ba.

Ta ba mu magani na sha, aka fara da mai ɗan yawa don ya kwashe abin da ya taru, sannan aka koma kaɗan kullum don ya riƙa fita da laushi. Ta ja min kunne cewa kada in ga sauƙi in ajiye kwalba, wai hanjin da ya saki yana ɗaukar watanni kafin ya koma yadda yake, sai su da kansu sun ce a rage. Ta hana sabulu da kanwa, ta ce filasko ma ba a sa yaro a kansa da ka. Ta kuma ce duk ranar da na ga cikin ya kumbura yana amai, ko jini ya yi yawa, ko yaron yana ramewa, kada in tsaya jiran gobe. Don haka farkon abin da nake so ki yi shi ne ki kai shi asibiti a nan wajenku, ki faɗa musu duk wannan tarihin, kada ki tsaya a kemis ɗin bakin layi.

Abinci kuma bai ba ni wuya ba, don abin da muke da shi ke nan. Tuwon dawa da miyar kuka, yau kuɓewa, gobe kwaɗon zogale, wake da ɗan manja, gwandar bayan ɗaki in ta nuna. Na ware masa 'yar moɗa tasa shi kaɗai a bakin randa, duk wanda ya taɓa ta sai an yi shari'a, da haka ya riƙa shan ruwa don kawai ya nuna tasa ce. Na ji an ce a can burodi da shayi ne karin safe, da rana taliyar leda, a aljihu biskit. Ban ce ki hana shi gaba ɗaya ba, amma kada su zama su ne abincin. Ai Yahya yana cewa gwanda da lemo da ganye sun fi ƙasa araha a garinku.

To amma magani da miyar kuka rabin aikin ne. Sauran rabin a bayan gida aka yi shi, kusa da turken awaki. Kullum in ya gama shan koko da safe, da kuma yamma in an ci abinci kafin rana ta faɗi, sai in ɗauki fo ɗinsa in ajiye a inuwa, ya zauna tafin ƙafarsa a ƙasa daram, gwiwoyi sun ɗan ɗago. Ni kuma in kifa tsohon turmi in zauna a gabansa. Da farko yana zama sai ya ƙanƙame jiki kamar wanda za a yi wa allura. Rannan sai ya zo da wata mabusa da kakansa ya fafe masa da karan dawa don korar tsuntsaye, ya ƙi ajiye ta, ya zauna yana ta busa mana ita a ka. Ina shirin ƙwacewa sai na lura cikinsa ya saki. Ashe mutum ba ya iya busa da matsewa a lokaci guda. Daga ranar mabusa ta zama ta wurin nan kaɗai. Yana busawa awaki suna amsawa, ni kuma ina yi masa kirari, ina kiran Fatihu na Fanta, Fatihu mai jar akuya, angon da ba ya cefane. In an ɗan jima ba abin da ya zo, sai mu tashi, in ce masa sannu da aiki, ba faɗa ba ɓata rai. Ranar da ya fara yi ba kuka, ya tashi ko wando bai tsaya sawa ba, ya bi gida yana shela, ya fita zaure ya tare liman yana wucewa ya ba shi labari. Liman ya ce masha Allah, Allah Ya maimaita. Malam ya yi dariya har da hawaye.

Lokacin da kuka zo ɗaukarsa zai shiga makaranta, na zayyana wa mijinki duk wannan a tsakar gida, ya yi ta gyaɗa kai hankalinsa yana kan mota. Ke kuwa kina ɗaki bayan labule, kunya ta hana ki fitowa a yi maganar ɗanki a gaban surukai. Yanzu da na tambayi Yahya yadda gidanku yake, ya ce masai na zama ne, dogo, kuma na haya, kowa da kowa. Na rufe ido na hango maigidana a kai, ƙafafu suna reto, wani yana buga ƙofa yana cewa a yi sauri, shi kaɗai a ciki. Ko ni ce ba zan iya ba.

Ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. A 'yan kalmomin da nake samu daga bakinki a waya, ban taɓa jin kin ce Fatihu ba. Yaron nan kike cewa, ko wannan. Tahira kuwa har waƙa na ji kina yi mata. Na san abin, kunyar ɗan fari ce, kuma tarbiyya ce ta gidan kirki, ban raina wanda ya koya miki ba. Ni ma da ita na tashi. Mijinki ɗan farina ne, har yau da furfura ta cika min kai bakina bai taɓa furta sunansa ba. Amma bari in gaya miki yadda gidan nan yake a wancan lokacin. Da aka kawo ni, sassa ne ko'ina, tun daga zaure har bakin gona. Da asuba ƙarar taɓare kaɗai ta isa ta tashe ki, in aka sauke tukunya sai an jera kwanuka har ƙafa ta rasa wurin takawa. Uwar mijina, Allah Ya jiƙanta, ita ta ɗauki mijinki tun yana rarrafe. In ya faɗi yana kuka, nakan wuce shi da tulu a ka ko waiwaye babu, don na san kafin in kai bakin randa hannuwa sun yi masa yawa, wannan ta ɗaga, waccan ta share masa hawaye, wata ta sa masa ƙuli a baki. Ni kuma in laɓe a bayan darni ina leƙensa ta tsakanin kara, zuciyata fal. Wallahi akwai daɗi a wannan leƙen, irin daɗin da ban san yadda zan kwatanta miki ba. Kunyata ba ta rage masa komai ba, domin gidan ya ishe shi.

Yau sassan nan duk sun zama gona. Inda ɗakin uwar mijina yake, kuɓewa na shuka bana. Wasu sun rasu, wasu sun koma unguwar Bacirawa a birni, wasu suna can irin garuruwanku. Wannan al'ada an yi ta ne don gida mai cike da mutane, Aina'u. A ɗakinku na Fatakwal, in kin kau da kai daga Fatihu, wa zai duba shi? Babu kaka, babu gwaggo, babu matar kawu. Ubansa yana kasuwa tun safe. Ke ce kaɗai. Kuma wannan ciwo ba ya jin magani daga nesa, sai an tsuguna a gaban yaro, an kalli idonsa, an kira sunansa, an yi masa wasan banza har ya manta da tsoro. In kunyar don mu kike yi, ni da Malam, to ni ce uwar mijinki, kuma na sauke miki ita. Na yafe. Duk wanda ya ji kina kiran sunan ɗanki ya ce ba ki da ta ido, ki ce masa Inna Fanta ce ta sa ki.

Kada ki zaci ba na son ya zo. Tun ranar da motarku ta tashi ban ɗaga turmin nan daga inda yake ba. Da yamma in na je ba awaki dusa nakan zauna a kai kaɗan, ba don komai ba. In kuka aiko shi zai warke, wannan na sani, kafin a kai gero rumbu za ki ji labari mai daɗi. Amma na san kaina, in ya sake shigowa gidan nan ba zan iya mayar da shi ba, Malam kuwa ya fi ni. Zai tashi yana ganinki sallah sallah, yana gaishe ki kamar baƙuwa. Abin da ya fi tsaya min a rai kuma shi ne, yaro ne mai wayo. Zai gane cewa da ya ɓata wando aka sa shi a mota, aka bar ƙanwarsa. Wannan ba ya fita da maganin asibiti. Mu kuma mun kama hanya, ni da Malam, ba mu san sauran kwanakinmu ba. Gara ya saba da hannun da zai daɗe yana riƙe da shi.

Da na faɗa wa Malam shawarata, sai ya ɗauki hularsa ya fita, ranar ko tuwona bai yaba ba. Washegari na gan shi a zaure da wuƙa da karan dawa na bara, yana fafewa yana gwadawa a baki, yana yar da wanda muryarsa ba ta yi masa ba. Ya ce zai kira ɗansa da kansa ya gaya masa a ajiye bulala, a kuma je a yi wa malaman makaranta bayani cewa lalura ce ana magani. Don haka Yahya zai kawo miki ƙulli. Akwai garin kuka da busasshiyar kuɓewa da zogale, akwai 'yar moɗarsa, akwai 'yar kujerar katako da za ki sa masa ya ɗora ƙafa in ya hau masan nan naku, ko kuma ki saya masa fo ki ajiye a lungun da ba mai buga masa ƙofa. Mabusar tana cikin moɗar, na naɗe ta da tsumma don kada ta fashe. Maƙwabta za su yi ƙorafin ƙara, ki ba su haƙuri. In abin ya ɗan koma baya wata rana kada ki karaya, haka yake yi, mu ma mun gani. In Yahya zai juyo, ya juyo da saƙon gaisuwa kawai.

Malam yana gaishe ku, yana sa muku albarka. Kulu da mutanen gidanta suna gaisuwa, liman ma ya tambayi abokinsa. Ki shafa min kan Tahira. Ki gaya wa Fatihu matarsa ta ce ya yi zamansa a can, ta yafe masa cefanen, akuyarsa kuma tana nan ba wanda zai taɓa ta sai ya zo da sallah ya gani da idonsa. In za ki faɗa masa, ki fara da sunansa.

Sannan ki gaida min ɗana Tajuddeen. Kin gani, na rubuta. Har sai da na waiwaya ko wani yana kallona, amma ba kowa a gidan sai ni da awaki. Saura ke.

Allah Ya ba shi lafiya a hannunki, Ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ni ce uwarki,
Inna Fanta.